Ruwan Baƙo a Barikin Kwari

Litinin: Zariya zuwa Jos

Ƙarfe shida saura kwata, da idar da sallar asuba, na fita daga gidana a Zariya, gari bai gama wayewa ba. A jakata akwai kaya kala uku, da littafin rubutu, da kwalabe shida wankakku babu kome a ciki. Ɗaukar kwalaba na koya ne a wuraren haƙar zinariya na ƙasar Gana, lokacin da nake aikin tafinta: duk inda ake wanke ma'adini, kada ka tafi ba abin ɗibar ruwa.

Ga dalilin tafiyar. Wani kamfani da ke sayen kuza yana tacewa a bayan Bukuru ya sami masu saye a Turai. Su kuwa suka ce ba za su ƙulla ciniki ba sai wani na waje ya duba yadda aikin kamfanin ke shafar haƙƙin mutanen da ke zaune kusa da shi. Kamfani ya riga ya yi nasa binciken. Abin da ake so a wurina shi ne in duba, in sa hannu, a aika ranar Juma'a. An zaɓe ni ne don a Jos aka haife ni, mahaifina tela ne da ya yi wa 'yan kuza ɗinki, kuma na yi irin wannan aiki a ƙasashe huɗu kafin in ajiye.

A tasha na sami fijo mai cin mutum bakwai, kuɗin mota naira ɗari tara. Na miƙa wa direba sabuwar takardar dubu da ta fito ba da jimawa ba. Ya juya ta, ya ɗaga ta sama.

"Baba, wannan ba jabu ba ce?"

"In jabu ce, ka sauke ni a Pambeguwa."

"A'a, sai dai in kai ka Jos ɗin su sanyi su hukunta ka."

Mun tashi bakwai da minti goma. Takwas da rabi da biyar muna Pambeguwa. A Saminaka muka tsaya kwata, na sha shayi da burodi na naira saba'in. Daga Jengre hanya ta fara hawa, zafin Zariya ya sake mu, fasinjoji suka fara ɗaga gilashi. Shinge biyar na ƙirga. A na ƙarshe wani soja ya buɗe jakata, ya ga kwalabe.

"Baba, kwalba babu kome. Kana sayarwa?"

"Ruwa zan ɗebo."

"Zariya babu ruwa?"

Motar gaba ɗaya ta yi dariya, shi ma ya yi, ya ce mu wuce. Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga Jos, tafiyar kilomita ɗari biyu da arba'in ko kusa da haka. Acaɓa ya kai ni Rikkos a naira hamsin, gidan ƙanena Tanko, wanda ya gaji keken ɗinkin mahaifinmu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaya, kai da aka ce ka huta? Ko Turawa sun ƙi mantawa da kai?" Matarsa ta kawo gwaten acca mai zafi, na ci kwano biyu ban ji kunya ba.

Talata: Rayfield

Ƙarfe tara motar kamfani ta ɗauke ni zuwa gidan manaja a Rayfield, tafiyar minti ashirin da biyar. Itatuwan da Turawan kuza suka dasa suna nan, sai dai masu gidajen ne suka sauya. Manajan, Injiniya Bala, mutum ne mai fara'a, bai wuce hamsin ba. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ajiye mini rahoto a kan tebur, ya kira wanda ya yi binciken, Mista Gyang, jami'in kula da ma'aikata.

Na buɗe. Da Turanci aka rubuta, mai kyau kuwa. An ziyarci gidajen Barikin Kwari, tsohon barikin 'yan kuza da ke jikin wayar da ta shinge filin kamfani. Sakamako: mazauna sun ce iyalansu na cikin ƙoshin lafiya. Ma'aikata sun nuna godiya ga aikinsu. Babu wanda ya yi kukan gajiya. Sai layin da ya sa na cire tabarau na goge na mayar: duk gidajen sun tabbatar da cewa ruwa ya inganta.

Na yi yawo, ban taɓa ganin inda aka kafa injin wankin ma'adini ruwa ya inganta ba. Na juya ga Mista Gyang.

"Da wane harshe ka yi tambayoyin?"

"Da Hausa, Baba. Takardar da Turanci ta zo, tambayoyin dogaye ne, sai na taƙaita musu."

"Ta ruwa, yaya ka taƙaita ta?"

"Na ce, yaya ruwa?"

"A wane wata?"

"Agusta."

"Suka ce ruwa ya yi gyara."

Ya gyaɗa kai. Na ci gaba: "Ka ce yaya iyali, suka ce lafiya lau. Ka ce yaya aiki, suka ce da godiya. Ka ce ina gajiya, suka ce ba gajiya. Mista Gyang, gaisuwa ka je ka yi gida arba'in, ka dawo ka fassara ta da Turanci."

Injiniya ya yi dariya har yana riƙe ciki. Mista Gyang bai yi ba. Ya ce, "Baba, na san gaisuwa ce, a nan na girma. Amma abin da suka faɗa na rubuta. Takardar ba ta da gurbin da za a sa 'amma'."

Ban ga laifinsa sosai ba. A Sudan na ga mutum kwance ba ya iya ɗaga kai, an tambaye shi ya ce alhamdu lillahi. Bafillace zai ce maka jam, wato lafiya, ko da rabin garkensa ya mutu jiya. A Nijar na ji ana cewa sa ba, wato lafiya lau da Faransanci, a bakin kabari. Ko'ina amsar farko ta mutunci ce. Ta gaskiya sai an zauna.

Da dariya ta lafa, Injiniya ya ce, "To Baba, a gyara kalmomin, ka sa mana hannu. Juma'a takarda za ta tafi. Litinin magina za su fara, za mu cire waya mu zagaye filin da katangar bulo, injin na biyu na hanya."

Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. Na nemi kwana biyu. Ya ba ni, amma ya tuna mini cikin ladabi cewa akwai wasu masana a gari da ba sa buƙatar kwana biyu.

Laraba: Bukuru da Barikin Kwari

Na ƙi motar kamfani. Wanda ya sauka daga motar kamfani, amsar kamfani ake ba shi. Bakwai da rabi na shiga bas daga tsakiyar gari zuwa Bukuru, naira arba'in, kilomita goma sha biyar, minti arba'in saboda tsaye-tsaye. Daga kasuwar Bukuru acaɓa ya bi da ni ta tsakanin tuddan jar ƙasa da tafkunan da tsohuwar haƙa ta bari. A Maleshiya na ga irinsu an mayar da su wurin kiwon kifi da shaƙatawa. Namu suna nan yadda aka bar su, shanu na sha, wani lokaci su ci mutum. Tara saura minti goma na sauka.

Barikin gidaje ne na laka da kwano, jere biyu, a cikin kwari. A sama wayar kamfani ce, ana jin ƙugin inji. Wata magudanar jan ruwa ta fito daga ƙarƙashin wayar ta bi bayan gidaje. Hausawa ne jikokin leburori, da Birom, da 'yan gidaje na Ibo. Na tambayi wadda ta fi kowa daɗewa, aka kai ni gidan Inna Hauwa, tsohuwa mai wankin kuza, wadda ta ce tun tana budurwa take ɗaukar kwanon sarki na jidar ƙasar kuza.

Ta shimfiɗa mini tabarma. Muka gaisa. Lafiya lau, da godiya, ba gajiya, duk yadda Mista Gyang ya rubuta. Ban fito da littafi ba. Na ce mata ni ɗan Malam Audu tela ne. Ta tafa hannu.

"Mai wandon da ba ya yagewa? Kai, ashe ɗan gida ne! Ladidi, kawo wa baƙo ruwa!"

Ladidi surukarta ce. Na ga ta ɗauki bokiti ta fita, alhali ga randa a gindin bango, taku uku daga inda nake. Na dubi agogo, al'adata ce: tara da minti biyar.

Muka yi hira. Ta ba ni labarin farashin kuza, da ramukan da ke rufta wa maza, da wanda ya mutu da wanda ya koma Kano. Goma ta yi. Maƙogwarona ya bushe, amma baƙo ba ya tambayar ruwan da aka riga aka aika a kawo. Goma da rabi ta wuce. Sai sha ɗaya saura minti ashirin Ladidi ta shigo, zufa ta jiƙa mata riga, ta zuba a kwanon sha ta durƙusa ta miƙo mini. Ruwa garau, mai sanyi. Awa ɗaya da minti talatin da biyar.

Na sha, na yi godiya, sannan na ce, "Inna, daga Bukuru aka ɗebo shi?"

"Daga idon ruwa ne."

"Na randar nan fa?"

"Wannan namu ne."

"A ba ni in gani."

"Haba Malam! Ka zo ka kunyata ni a gidana?"

"Inna, ke kika ce ni ɗan gida ne. Ɗan gida na randa yake sha."

Sannan ta tashi da kanta ta ɗebo. Ruwan launin shayi mai ɗan madara ne, da wani abu kamar maiƙo a samansa. Na kai baki na kurɓa kaɗan, ɗanɗanon ƙarfe ya kama mini harshe.

Daga nan bakinta ya buɗe. Idon ruwan da barikin ke sha tun zamanin Turawa yana bayan filin kamfani. Da, ta tsakiyar filin ake bi, ta ce kafin tukunya ta tafasa an je an dawo. Shekara biyu da suka wuce aka ja waya, sai an zagaya tudu da tafki. Mace mai wankin kuza ba ta da awa ɗaya da rabi sau uku a yini. Sai suka koma rijiyar bayan gida, ita kuwa tana taku goma daga magudanar jan ruwan. Ta kira jikokinta biyu, ta ɗaga musu riga, na ga ƙuraje a ciki da baya. Ta ce gudawa kuwa ba a ma ƙirga ta ciwo.

"Da Mista Gyang ya zo, me ya hana ku gaya masa?"

"Ya tambaya ne? A tsaye ya gaishe mu, biro a hannu. Kuma ɗana a can yake aiki. In ce me?"

"Shi wane ruwa kuka ba shi?"

"Na leda, daga shagon Maman Chinedu. Shi ɗan boko ne, ya saba. Amma dattijo kamarka, in miƙa maka leda ka tsotsa kamar jariri? Allah ya kiyaye."

Na leƙa shagon. Maman Chinedu, 'yar Ibo da ta shekara ashirin a barikin, ta ce, "Baba, ni na san ranar da baƙo ya zo gidan kowa, ranar ne kawai suna saya ruwa. Wannan oga da ya zo da takarda, ranar na sayar da jaka biyu. Na ce Allah ya kawo shi kullum." Ta yi dariya, sannan ta nuna mini hannun autarta. Ƙurajen iri ɗaya ne. "Mai sayar da ruwa ma, da rijiya yana wanka."

Gida goma sha ɗaya na zauna a ranar, ban tashi daga ko ɗaya ba sai da aka wuce gaisuwa. Na cika kwalba biyu a rijiya, biyu a magudana. Da la'asar na sa Ladidi ta nuna mini hanya, na taka da ƙafata har idon: minti arba'in da huɗu, ba kaya a kaina. Na cika sauran biyun. Daga bakin idon ina hango rufin gidan Inna Hauwa ta cikin waya, kusa ƙwarai, har ana gane kajin tsakar gida.

Ni ba likita ba ne, ban san abin da ke cikin jan ruwan ba, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Amma na san waya na iya samun ƙofa cikin yini guda. Katangar bulo in ta tashi, ta tashi ke nan.

Alhamis: Baƙo na biyu

Tun bakwai na sayi katin waya na ɗari biyar na kira Injiniya. Na ce masa ba zan sa hannu a tsohon rahoton ba, nawa zan rubuta. Muryarsa ta sauya.

"Baba, mutum ɗari ke cin abinci a wurin nan. In cinikin ya lalace, har 'ya'yan barikin za su rasa aiki. Ka san da haka?"

"Na sani, shi ya sa ban tattara na koma Zariya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo ka sha ruwa a gida ɗaya. In ka sha ka ce in tafi, zan tafi, ka nemi mai sa hannu."

"Ruwa kawai?"

"Ruwa kawai. Amma ba za ka tashi ba sai ka sha."

Goma daidai ya iso da Mista Gyang. Inna Hauwa ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Injiniya ɗan mutunci ne, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, ina kwana? Yaya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya waiwayo ya dube ni, kamar ya ce ka ji ko. Inna ta ce, "Ladidi, ruwa." Ladidi ta ɗauki bokiti. Goma da minti bakwai.

Kwata na farko ya yi ta hira. A rabin awa ya fara duban agogo. Da sha ɗaya saura kwata ya ce wa Mista Gyang ya ɗauko ruwan gora a mota. Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce to a sayo na leda. Inna Hauwa ta ce, "Mai kamfani guda, a gidana, da leda? Ai sai a yi da ni a bariki. In sauri kake, ranka ya daɗe, ga namu."

Ta ɗebo na randa ta ajiye a gabansa. Ya duba. Ya ɗaga kwanon, ya karkata shi wajen haske, ya mayar ya ajiye a hankali.

"Wannan kuke sha?"

"Da godiya," in ji ta.

Ban san ko da gangan ta faɗa ba. Mista Gyang ya sunkuyar da kai.

Injiniya ya ce, "Ina yarinyar ta tafi?"

Na ce ya taso. Muka fita bayan gida, na nuna masa ta cikin wayar shingensa. Can ga Ladidi a bakin ido, tana ɗora bokiti a ka. Da ya yi kira da ƙarfi za ta ji. Muka tsaya muna kallo ta juya mana baya, ta nufi tudu, ta ɓace.

"Yanzu sai yaushe?"

"Minti hamsin, tunda da kaya."

Ya koma ya zauna. Bai sake duban agogo ba. Wayarsa ta yi ƙara sau uku, bai ɗauka ba. Sha biyu saura minti ashirin Ladidi ta shigo ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas. Sannan ya ce, "Gyang, wa ya ja layin wayar nan?"

"Mai awo ne, oga. A taswira babu hanya a wurin."

Inna ta ce, "Hanyar ƙafa ce, ɗana. Ba ta hawa takarda."

Ba zan ce muku ya zama wani mutum dabam a ranar ba. Mun yi awa biyu muna ja-in-ja a ofis. Ƙofa ya yarda da ita nan take, da sharaɗin a yi layi mai waya hagu da dama don kada a shiga wajen inji, kuma a bar gurbinta a zanen katangar. Maganar magudana ce ya so in sassauta, ya ce a jira gwaji. Na ce zan rubuta abin da na gani, in rubuta cewa sakamako bai fito ba, in kuma rubuta cewa kada injin na biyu ya tashi sai an yi ramin da ruwan wanki zai kwanta nesa da rijiya. Ya ce hakan zai ja masa wata uku. Na ce rijiyar ta yi shekara biyu tana jira. Na ƙara sharaɗin kada a taɓa aikin kowa saboda abin da iyalinsa suka faɗa. Ya sa hannu a ƙarƙashin nawa yana huci.

Ƙarfe huɗu da rabi mai walda ya yanke waya. Inna Hauwa ta ce ita za ta fara bi, ta ɗauki bokiti, ta hana kowa karɓa. Na riƙe agogo. Zuwa da dawowa, da tsayawar da ta yi tana yi wa mai gadi tsiya, minti goma sha huɗu.

Juma'a: Komawa

Da safe na miƙa kwalaben shida a ɗakin gwaji, na karɓi shaida. Mista Gyang ya same ni a tasha da sababbin takardu, ya ce zai sake zagaya gidajen arba'in, a zaune. Ya nuna mini: a ƙarƙashin kowace tambaya ya ja layi uku babu kome, ya rubuta "amma" a farkonsu.

Tanko ya cusa mini buhun dankalin Turawa, ya ce in gaya wa mutanen Zariya su daina cewa Jos sanyi kawai take fitarwa. Mun tashi tara da rabi, kuɗin mota ɗari tara, na buhu ɗari. Sojan nan na Litinin ya gane ni.

"Baba, ina ruwan?"

"Na bar shi a inda za a tambaye shi."

Biyu saura kwata na shiga gida, na tarar an sauko daga masallaci. Maiɗakina ta karɓi jaka ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya hanya?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta dubi ƙafafuna da suka kumbura, ta ajiye mini kwanon ruwa, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "To, an gaisa. Yanzu gaya mini."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Tanko da iyalinsa, da Mista Gyang da bai ji kunyar komawa ba, da Inna Hauwa. Godiya ta musamman ga Ladidi, wadda ta taka tudun nan sau biyu da bokiti a ka don baƙi biyu su sha ruwa mai kyau.